Lacca: "Wannan yaron ai Mahomes ne!"

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Wanda aka fi kai ruwa rana a kansa shi ne kwatabak, madugun da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya jefa ta. Masu farautar 'yan wasa sun saba su ɗauki yaro su ce ai wane ne sak. Kamar ku a gidan kallo, duk gajeren da ya iya yanka da hagu sai ku ce sabon Messi. (Dariya) Abu huɗu zan kawo.

Na farko, tsawo, ba zan daɗe ba. Drew Brees ƙafa 6 ne, ana ganin ya yi gajarta a matsayin kwatabak, sai a zagaye na biyu na zaɓen aka ɗauke shi a 2001. Russell Wilson bai ma kai ba, ya faɗo lamba 75 a 2012. Da suka yi fice sai gajeru suka samu shiga: Kyler Murray na ɗaya a 2019, Bryce Young na ɗaya a 2023.

Na biyu, nan ne inda nake so. Mahomes. Tun da Patrick Mahomes ya fito daga jami'ar Texas Tech, ƙungiyar Kansas City ta ɗauke shi a lamba 10 a 2017, duk yaron da ya jefa ƙwallo a karkace yana gudu sai a ce Mahomes ne. Haka aka yi wa Zach Wilson na jami'ar BYU, ƙungiyar New York Jets ta ɗauke shi na biyu a 2021, abin bai yi kyau ba. Me ya sa? An kwatanta su a kan jifar burgewa, wadda ba ta wuce uku ko huɗu a wasa. Sauran jifa talatin fa? Su ne aikin. Ka karɓi ƙwallo, ka duba mai kamawa na farko, a rufe yake, ƙafa ta bi ido zuwa na biyu, ka saki kafin daƙiƙa uku. Ku ji da kyau, ƙafa ta bi ido. In ka sa faifan wasan yaro, kada ka kalli inda ƙwallo ta sauka, kalli ƙafarsa. Kuma ka nemi wasan da suka sha kashi.

Sannan ana manta cewa Mahomes kusan shekara guda ya yi a benci bayan kwatabak Alex Smith, a hannun koci Andy Reid, ga gwanayen kama ƙwallo Travis Kelce da Tyreek Hill. A 2018 ne ya jefa ƙwallon ci 50. Caleb Williams kuwa, shi ma an kira shi Mahomes, Chicago ta jefa shi fili tun ranar farko a 2024, aka kayar da shi sau 68 da ƙwallo a hannu. Riƙe ƙwallon da ke ba ka tafi a kwaleji, a NFL duka yake jawo maka. Filin ma ba ɗaya ba ne: layukan da ake ajiye ƙwallo a kwaleji tazarar ƙafa 40 ce tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da rabi, don haka faffaɗan gefen da yaro ya saba samu ya tsuke.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Yawan wasa. Mitch Trubisky wasa 13 kacal aka fara da shi a jami'ar North Carolina, amma Chicago ta fifita shi kan Mahomes a 2017. Anthony Richardson ma 13, aka ce Josh Allen ne, wato kwatabak ɗin Buffalo. Na'am, Alhaji?

Tambaya: Malam, to me ya sa ba a cewa yaro sabon Brady ne?

Yauwa! Saboda abin da shahararren kwatabak Tom Brady yake da shi ba ya hawa ma'auni. A 2000 lamba 199 aka ɗauke shi, gudun yadi 40 ya yi shi a daƙiƙa 5.28, wallahi kamar mai ɗauke da buhu. (Dariya) Saurin karanta masu tsaro kafin a taɓa ƙwallo, wannan sai ka zaunar da yaro gaban allo ka ce ya zana maka. Brock Purdy shekara huɗu ya buga a jami'ar Iowa State, shi ne na ƙarshe a 2022, lamba 262, kakarsa ta biyu yana wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL. An miƙo min takarda wai lokacin sallah ya yi, na huɗun sai mun dawo.