Takunkumin Amurka kan Kyuba: an bar jaki ana dukan taiki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ranar 18 ga Oktoban 2024 tashar lantarki ta Antonio Guiteras ta tsaya cik, tsibirin Kyuba baki ɗayansa ya faɗa cikin duhu. Mutane kimanin miliyan 10 suka rasa wuta. A unguwannin Havana, babban birnin ƙasar, mata suka fito bakin titi suna hura itace, suna dafa ɗan naman da ke firji kafin ya ruɓe. Kwana 12 bayan haka, ƙasashe 187 suka kaɗa ƙuri'a a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Amurka ta janye takunkumin da ta ƙaƙaba wa maƙwabciyar tata. Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi. Tun 1992 ake wannan ƙuri'a kusan kowace shekara, Washington ta yi kunnen uwar shegu.

Tsakanin Kyuba da gaɓar jihar Florida ta Amurka kilomita 145 ne kacal. Rigimar ta samo asali bayan Fidel Castro ya kifar da shugaban Kyuba Batista a 1959, ya ƙwace kadarorin kamfanonin Amurka. Shugaban Amurka Eisenhower ya rage sayen sukarin Kyuba a 1960, magajinsa Kennedy ya rufe ƙofar ciniki ruf a Fabrairun 1962. Me ake son cimma? Ba sai mun yi hasashe ba. A watan Afrilun 1960 wani jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Lester Mallory, ya rubuta wa na gaba da shi cewa yawancin 'yan Kyuba suna bayan Castro, don haka a hana su kuɗi da kaya har yunwa ta tunzura su su tumɓuke gwamnati. Yunwa aka ɗauka makami, kuma cikin talaka aka auna.

To, gwamnatin ta faɗi? Castro ya ga shugabannin Amurka 10 yana kan mulki, ya miƙa wa ƙanensa Raul, ya rasu a 2016 yana da shekara 90. Talaka ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, tattalin arzikin Kyuba ya durƙushe, mutane kimanin 50,000 suka kamu da wata cutar jijiyar ido mai nasaba da ƙarancin abinci. A daidai wannan lokaci Amurka ta ƙara tamke igiya. Dokar Torricelli ta 1992 ta ce duk jirgin ruwan da ya sauke kaya a Kyuba sai ya yi kwana 180 kafin ya taɓa tashar Amurka. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda ya yi asarar wata shida? Dokar Helms-Burton ta 1996 kuma ta ɗaure hannun shugaban ƙasa, sai majalisar dokokin Amurka ce kawai za ta iya kwance takunkumin. Shi ya sa ko da Obama ya buɗe ofishin jakadanci a 2015, ya taka har Havana a 2016, igiyar tana nan daram.

Masu kare takunkumin suna cewa ai tun shekarar 2000 an halatta sayar wa Kyuba abinci. Haka ne, amma da sharaɗin kuɗi a hannu, ba bashi, ga ƙasar da bankuna ke gudun hulɗa da ita don tsoron tara. Suna cewa gwamnatin Havana tana ɗaure 'yan adawa, ta kuma lalata noma da hannunta. Wannan ma ba zan musa ba, waɗanda aka kama bayan zanga-zangar Yulin 2021 shaida ne. To amma wane fursuna ne hana sayen kayan gyaran injin wuta ya buɗe wa ƙofa? Takunkumin ma bai wa mahukuntan Kyuba mafaka yake yi, duk gazawarsu sai su nuna wa Amurka yatsa.

Haba jama'a! Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000 a yaƙin Biyetnam, amma tun 1994 ta janye mata takunkumi, yau suna ciniki hankali kwance, kuma jam'iyyar kwaminis ce ke mulki a can har gobe. Bambancin kawai, Biyetnam ba ta da masu ƙuri'a irin 'yan asalin Kyuba da ke Florida, waɗanda 'yan siyasa ke shakkar ɓata musu rai. Sama da shekara 60 ke nan, tsohuwar da ke layin kantin magani a Havana ita ke biyan kuɗin wannan lissafi na zaɓe. Majalisar dokokin Amurka ta ɗaura igiyar, ita ya wajaba ta kwance.