"'Yan sanda sun kulle min kwamfuta": yaya aka yi suka san ina Kumasi?

[Hoto: fuskar laftof. Tambarin Interpol, 'yan sandan ƙasa da ƙasa, a sama, jan rubutu, agogo yana ƙirga awoyi.]

Assalamu alaikum, jama'ar Zango. Wannan hoton sau uku aka turo min shi cikin mako guda, biyu daga Aboabo, ɗaya daga Asawase. Saƙon duk iri ɗaya ne: an kama ka kana kallon abin batsa ko kana sauke fim na sata, an kulle na'urarka, ka biya tara kafin awa 48 ko a zo a tafi da kai.

Ba 'yan sanda ba ne, ɓarayi ne. Kuma dabarar ta tsufa.

[Hoto: taswirar Turai, tambarin 'yan sandan ƙasashe suna sauyawa.]

A 2012 ta yi ƙamari, da wata muguwar manhaja mai suna Reveton. A Amurka ta sa rigar FBI, a Ingila ta sa ta 'yan sandan Landan, kowace ƙasa da tambarinta da harshenta. A Turai Yuro 100 aka fi nema, ta katin Ukash ko Paysafecard, katunan biyan kuɗi da ake saya a shago. A watan Fabrairu na 2013 'yan sandan Sifen tare da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka kama gungun wasu daga cikin ɓarayin, bayan an riga an cafke jagoransu, wani ɗan Rasha, a Dubai. A 2014 kuma irinta ta shiga wayoyin Android.

Tarihin ke nan a taƙaice. Mu zo inda ake rikicewa.

[Hoto: a matso kan kusurwar allon. Lambobi, sunan gari, ƙaramin akwati da fuskar mutum a ciki.]

Duk wanda ya turo min hoton nan, tambaya ɗaya yake yi: "Malam, in ba hukuma ba ce, yaya aka yi suka san garin da nake? Ga lambar intanet ɗina, ga sunan kamfanin layina, har ga fuskata!"

To, a saurara da kyau. Wannan lambar ana ce mata IP. Kowane shafi da ka buɗe a intanet yana ganinta, domin da ita yake sanin inda zai aiko maka abin da ka nema. Kamar mai kawo waake ne a babur: in ba ka faɗa masa unguwa ba, ina zai kai? Shafin labarai yana ganinta, shafin ƙwallo yana ganinta, shafin ɓarawo ma haka. Daga lambar kuma akwai jerin da kowa zai iya dubawa ya ga ƙasa, da kamfanin layi, da kintacen gari. Babu wani bincike da aka yi a kanka.

[Hoto: hannu yana rubuta tambaya a Google, lambar IP ta fito.]

Ku duba, ni ma ga tawa ta fito cikin daƙiƙa biyu. Yanzu bari in kashe wayifai in kunna data.

[Shiru. Lambar ta sauya. Sunan gari ya koma Accra.]

Ina zaune a Kumasi, ya ce ina Accra. Wanda ya ce yana bibiyarka, ga iyakar saninsa. Ku lura kuma da abin da babu a allon nan: babu sunanka, babu lambar gidanka, babu lambar ƙara, babu sunan caji ofis ɗin da za ka je.

Sai fuskar. Wannan ita ta fi tsinka wa mutane zuciya, kuma na fahimta. Kyamararka ce ta kan laftof. Ko dai manhajar da ta shiga ta kunna ta, ko kuma shafin ya nemi izini ka danna "eh" cikin gaggawa. Madubi suka ɗaga maka, kai kuma ka ɗauka wani jami'i ne yake kallonka daga ofis.

[Hoto: yatsa ya liƙa ɗan salatif a kan kyamarar. Akwatin ya yi baƙi.]

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne laifin da suke zaɓa. Da gangan suke cewa batsa. Sun san magidanci ba zai ɗauki laftof ya nuna wa ɗansa ba, yarinya ba za ta iya faɗa wa Hajiyarta ba, ko da ba su taɓa buɗe komai ba. Kunya ce take biyan kuɗin nan. Alhali sau da yawa talla ce kawai aka taɓa a shafin kallon ƙwallo kyauta, ko wata manhajar sata da aka sauke.

Ku kuma auna da hankali. Laifin da suka ce zai kai mutum kurkuku, shi ne za a yafe da katin kyauta ko tura sidi ta MoMo zuwa layin wani? Irin wannan laifi kotu ce take yanke hukuncinsa. Interpol kuwa, da hedikwatarta ke Lyon a Faransa, ba ta kama mutane da kanta, balle ta karɓi tara a hannunka.

[Hoto: madannai, a hankali.]

Abin yi, da sauri. Kada ka biya, biyan ba ya buɗe komai. Cire intanet. Danna Alt da F4, ko Ctrl da Shift da Esc, ka rufe burauzar, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita. In ka sake buɗe ta, kada ka yarda ta dawo da shafukan baya. In saƙon ya tafi, shafi ne kawai ya cika allo, kwamfutarka lafiya lau. In ka kashe ka kunna ya sake fitowa tun kafin ka taɓa komai, manhaja ce ta shiga. Kai ta wurin mai gyara da ka yarda da shi a Adum, kuma ka sauya kalmomin sirrinka daga wata na'urar daban.

[Hoto: waya, ana danna 292.]

In kuma ka riga ka tura kuɗi, ɗan'uwa, kada ka goge komai. Ɗauki hoton allon da saƙon turawar, ka sanar da kamfanin layinka nan take, sannan ka kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar 2020. In kiran zai yi maka nauyi a baki, lambar tana karɓar saƙon tes.