Amsoshin Tambayoyinku: Lauyan da ya kai muƙamin Laftanar Janar

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ɗauko yau daga garuruwa daban-daban, amma da muka duba sai muka ga tarihin mutum ɗaya, Sir Edmund Herring, ya isa ya amsa su duka.

Ta farko daga wani ɗalibi ce mai karatun lauya a Kano. Yana tambaya ko zai yiwu mutum ya riƙa aikin lauya yana kuma babban hafsan soja, ba tare da ya ajiye ɗaya ba. In an taɓa yi, a ba shi misali.

To ɗan'uwa, Bahaushe dai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, amma akwai ƙasashen da tsarin sojansu ya bar ƙofar haka a buɗe. Suna da sojojin ko-ta-kwana, wato mutanen da ke da sana'arsu ta farar hula, suna zuwa atisaye da yamma ko a ƙarshen mako, su yi 'yan makonni a sansani kowace shekara, ana kuma ƙara musu girma kamar kowane soja. Ranar da yaƙi ya tashi sai a kira su.

Misalin da muka zaɓo maka shi ne Sir Edmund Herring na ƙasar Ostareliya. An haife shi ranar 2 ga Satumba 1892 a garin Maryborough da ke jihar Victoria. A 1912 ya samu gurbin karatu na Rhodes ya tafi Jami'ar Oxford a Ingila, yana can Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi. Ya shiga rundunar atilare ta Birtaniya, masu harba manyan bindigogi, ya yi yaƙi a fagen Masedoniya, ya dawo da lambobin jarumta biyu, MC da DSO. Da aka gama yaƙi ya koma Oxford ya ƙarasa karatun shari'a, sannan ya koma gida ya fara tsayawa gaban kotu a Melbourne, babban birnin jihar Victoria, a 1921.

Shekara ɗaya bayan haka ya shiga rundunar ko-ta-kwana ta ƙasarsa. Da farko aikin shari'a aka ba shi a cikin rundunar, amma bai daɗe ba ya koma wajen bindigoginsa. Kusan shekara 17 ya yi a haka, da rana yana kotu, ranakun atisaye yana cikin kaki. A 1936 aka naɗa shi Lauyan Sarki, matsayin da a Najeriya aka maye gurbinsa da SAN. Ka ga ke nan ba lauyan jeka-na-yi-ka ba ne, yana cikin manyan lauyoyin jiharsa a lokacin da yake hawa matakan soja ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce, tsohon soja mazaunin Kaduna. Yana cewa yana yawan jin ana ambaton sojojin ko-ta-kwana a labarai. Shin da gaske suna iya yaƙi, kuma sojan da ya ƙarar da rayuwarsa a bariki zai yarda irin wannan ya ba shi umarni?

Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta biyu ta taɓa inda ke yi wa sojan Ostareliya ciwo a wancan zamanin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta fifita hafsoshin ko-ta-kwana wajen rabon jagorancin rundunar da za ta fita waje, abin da ya ɓata wa hafsoshin dindindin rai ƙwarai, kuma wannan tsama ta bi su har fagen daga. Gwamnatin na da abin kafa hujja, domin Sir John Monash, wanda ya jagoranci sojojin ƙasar a Faransa a 1918, shi ma injiniya ne da ya taso daga rundunar ko-ta-kwana.

Game da iya yaƙi kuwa, ga abin da Herring ya yi. Shi aka ba jagorancin atilare na Runduna ta 6. A watan Janairu 1941 bindigoginsa ne suka share wa sojojin ƙasa hanya a Bardia da Tobruk cikin Libiya, inda aka kama dubun-dubatar sojojin Italiya. A Afrilu yana Girka, lokacin da Jamus ta fi ƙarfinsu suka ja da baya. Kafin shekarar ta ƙare an ba shi rundunar gaba ɗaya da muƙamin Manjo Janar. Bayan da jiragen Japan suka yi wa garin Darwin na Ostareliya ruwan bama-bamai a Fabrairu 1942, shi aka tura ya tsare arewacin ƙasar.

Aiki mafi nauyi ya zo masa a Oktoba 1942. Babban kwamanda Janar Blamey ya tsige Janar Rowell, wanda sojan dindindin ne, daga shugabancin dakarun da ke tsibirin Niu Gini, arewa da Ostareliya, ya ɗora Herring yana Laftanar Janar. A hannunsa aka ƙarasa korar Japanawa daga hanyar Kokoda, aka gwabza a Buna da Gona cikin fadama da sauro har zuwa Janairu 1943, daga baya kuma aka karɓe garin Lae. Japan ɗin nan dai ita ce wadda kakanninmu suka je suka yaƙa a Bama, kowa da fagensa. Abin da aka fi yaba masa shi ne iya zama da mutane, musamman hafsoshin Amurka da ke ƙarƙashin Janar MacArthur, waɗanda ba kullum suke jituwa da 'yan Ostareliya ba. A ganina nan aikin lauya ya yi masa rana, don wanda ya saba sauraron hujjar abokin hamayya har ya gama bai cika saurin fushi a teburin shawara ba.

A Fabrairu 1944, yaƙi bai ƙare ba, aka naɗa shi Babban Jojin jihar Victoria. Ya riƙe kujerar shekara 20, har 1964, ya kuma yi Mataimakin Gwamnan jihar daga 1945 zuwa 1972.

Wasiƙa ta uku ta fi sauran nauyi. Wata malamar makaranta ce daga Kumasi take tambaya: idan wanda ya san shari'a ya samu ikon soja a lokacin yaƙi, shin iliminsa na hana shi zalunci?

Malama, a tarihin wannan mutumin akwai abin da ya sa ba zan ce miki e kai tsaye ba. A Yuli 1942 Japan ta sauka a gaɓar Buna da Gona ta mamaye yankin. Wasu 'yan ƙasar Papuwa, wato ɓangaren Niu Gini da garuruwan nan suke, suka miƙa wa Japanawa wasu 'yan mishan na cocin Angilika, Japanawa suka kashe su, har da mata a cikinsu. Da sojojin Ostareliya suka karɓe yankin sai hukumar soja ta gurfanar da waɗanda ake zargi bisa laifin kisa da cin amanar ƙasa. Hukuncin kisa ba ya tabbata sai kwamanda ya sa hannu, kuma kwamandan shi ne Herring. Ya tabbatar da hukuncin a kan mutum 22, aka rataye su.

Maganar ta kwanta har 1978, lokacin da wani ɗan majalisa, Barry Jones, ya tayar da ita a majalisar tarayya. Herring, yana da shekara 85, ya ce an yi wa mutanen adalci gwargwadon halin yaƙi, kuma zuciyarsa ba ta tuhumarsa da komai.

Ni dai amsar nan ba ta gamsar da ni ba. Jinin waɗanda aka kashe ba wasa ba ne, kuma duk wanda aka tabbatar ya yi kisa da hannunsa dole ya fuskanci hukunci. Amma zancen cin amanar ƙasa fa? Waɗannan talakawan ƙauye ne da ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ostareliya tun 1906, ba su zaɓi Sarkin Ingila ba, wanda shi ne sarkin Ostareliya, kuma a ranar da sojan Japan ya tsaya a kansu da bindiga, gwamnatin da ke neman biyayyarsu ba ta nan balle ta kare su. Rundunar da ta kama su ita ta yi musu shari'a, kwamandanta kuma shi ne mai magana ta ƙarshe. Da wani janar ne wanda bai taɓa shiga kotu ba, sai a ce bai san illar hakan ba. Herring Lauyan Sarki ne, ya san abin da ake nufi da a raba mai ƙara da alƙali, kuma yana da ikon ya sassauta hukuncin zuwa ɗauri har ƙura ta lafa a sake duba shari'ar kowane mutum shi kaɗai. Bai yi ba, kuma bai sauya matsayinsa a kai ba har ya rasu ranar 5 ga Janairu 1982.