Haɗa ruwan sigarin lantarki a gida: abin da ya kamata ka sani kafin kwalbar farko

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga Garwa nake magana da ku. Tun farko bari in faɗi wanda nake yi wa wannan bayani: babban mutum ne da taba ta riga ta kama, ya koma sigarin lantarki, wato na'urar da ke zafafa wani ruwa ya zama tururin zuƙa, don ya rabu da ita, yanzu kuma yana tunanin haɗa ruwan da kansa. Idan ba ka taɓa shan taba ba, ko kai yaro ne, ko mace mai ciki, don Allah ka bar abin nan inda ka gan shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa yana da illa, kuma nikotin ɗin da ke ciki yana kama mutum kamar yadda na taba ke yi. Shi kansa Hon Lik, mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin da ya ƙera irin na'urar da muke gani yau a 2003, mashayin taba ne mai neman mafita.

Ni shekara goma sha huɗu na yi ina shan taba. Da na koma wannan, kwalaben da ke iso mana nan arewa suka dame ni: ga tsada, ga wasu babu ko takardar da ta faɗi abin da ke ciki. Shi ya sa na koyi haɗawa.

Ku dubi teburin nan. Abu huɗu ne kacal. Wannan mai kama da ruwa shi ne furofilin gilaikol, a jikin kwalba za ku ga an rubuta PG. Shi ke ɗaukar ƙamshi, shi ke ba da ɗan kartar nan a maƙogwaro da mashayi ya saba da ita. Wannan mai kauri kamar zuma gilisarin ne na tsirrai, ana rubuta VG, shi ke kawo tururi. Ga ƙamshi, wanda masu sayarwa ke cewa arom. Na huɗu nikotin, kuma shi za mu ajiye a gefe sai can gaba.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne wurin saye. Gilisarin ɗin da mata ke saya a kasuwa suna haɗawa da man shafawa lokacin hunturu, ba shi ne wannan ba. An yi shi don fata, sau da yawa da turare a ciki, kuma ba ka san da me aka gauraya shi ba. Na taɓa faɗawa wannan rami a farkon koyona. Wani mai shago ya rantse mini nasa tsantsa ne, na saya na zuba. Zuƙa biyu na yi, ƙirjina ya ɗaure, na kwana ina tari, bakina yana ɗanɗanon sabulu har washegari. Tun daga ranar ba na karɓar PG ko VG sai a kwalba rufaffiya daga kamfani, da tambarin USP ko EP, wato darajar da ake haɗa magani da ita.

Kada ku ɗauki wannan da wasa. A 2022 yara wajen 70 suka rasu a Gambiya bayan sun sha maganin tari da ya gurɓata da wata guba mai suna dayetilin gilaikol. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan wani maganin tari mai irin wannan guba da aka samu a nan Kamaru. Hanyar da gubar ta fi bi ta shiga magani ita ce ta PG ko gilisarin marasa tsabta, irin na masana'antu, da ake sayarwa da sunan masu kyau. A ido ba ka bambancewa, a harshe ma zaƙi gare ta, amma ƙoda take kashewa. To wanda ya auno maka daga jarka marar suna, me ya sani game da abin da ke ciki?

Sai maganar mai. Duk abin da yake mai, kowane iri, bai da wurin zama a cikin wannan kwalba. Man habbatus sauda, man na'a-na'a, man kanumfari, turaren humra, turaren ɗan goma, duk muna son su kuma suna da amfaninsu, amma huhu ba ya iya fitar da mai. Yana zama a ciki ya kumbura shi. A Amurka a 2019 mutane suka riƙa cika asibitoci da ciwon huhu, zuwa Fabrairun 2020 an ƙirga 2,807 da aka kwantar, 68 suka mutu. Da aka bincika, babban abin da aka kama shi ne wani mai na bitamin E da ake kauranta ruwan wiwi na bayan fage da shi. Haka zuma, sukari, ruwan zoɓo ko na dabino: suna ƙonewa a kan wayar da ke zafi a cikin na'urar, su baƙanta audugar da ke tsotso mata ruwan, kai kuma ka zuƙi ƙonannen. Ƙamshin kek na kanti ma a bar wa kek. Nemi wanda aka yi musamman don wannan aiki, narkakke a cikin PG. In kana shakka, ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwa. In ya taso sama ya yi ido kamar man gyaɗa a kan romo, zubar da shi. In ya narke ma, tabbaci yana ga takardar kamfanin.

Kayan aiki ba su da yawa: sirinji sabo daga farmasi, kowane ruwa da nasa, safar hannu ta roba, ƙananan kwalabe masu murfin da yaro ba ya iya buɗewa, da littafi da biro.

Yanzu mu haɗa ta farko, mililita 10 kawai, babu nikotin. Ƙarama nake so ka fara da ita, don in ba ta yi ba, asarar kaɗan ce. Ga mililita 1 na ƙamshi, kashi 10 cikin 100 ke nan. Duba abin da kamfanin ya rubuta, yawanci tsakanin kashi 5 ne zuwa 15. Ga mililita 4 na PG. Ga mililita 5 na VG, ku ga yadda yake jan jiki a cikin sirinji, sai ka yi haƙuri da shi. Tunda ƙamshin a cikin PG yake, haɗin ya tashi rabi da rabi, wanda ya dace da ƙananan na'urorin aljihu da yawancinmu ke riƙewa. Manyan na'urori masu fitar da tururi sosai sun fi son VG 70, PG 30. Mai amfani da sikeli ya tuna VG ya fi nauyi: mililita ɗaya giram 1.26 ne, na PG kuwa 1.04. Rufe, girgiza da ƙarfi har ya yi ƙananan kumfa. Ƙamshin 'ya'yan itace kwana biyu ko uku ya ishe shi ya zauna, mai kama da madara ko taba yakan so mako biyu. Rubuta duk abin da ka zuba a littafi tare da kwanan wata.

To, nikotin. A nan nake so ka ajiye waya ka saurare ni da kyau. Guba ce, manoma sun daɗe suna kashe ƙwari da ita, kuma tana ratsa fata. A Tarayyar Turai doka ta hana sayar da ruwan da ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbar kuma kada ta wuce mililita 10. Irin waɗannan ƙananan kwalabe, da ake kira busta, su kaɗai na yarda sabon shiga ya taɓa. In wani ya kawo maka mai ƙarfin 100, ko wadda babu lamba a jiki, ka ce masa ka gode. Ko ƙaramar bustar nan miligiram 200 ke cikinta gaba ɗaya, alhali abin da ke shiga jikin mai shan karan sigari ɗaya bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙarfin da kake so, sau girman kwalbar, a raba da ƙarfin busta. Kana son ƙarfin miligiram 3 a kowace mililita, a kwalba mai mililita 30, bustarka 20 ce: 3 sau 30, 90 ke nan, a raba da 20, ya ba ka mililita 4.5. Wannan 4.5 a cikin 30 ɗin take, sai ka rage PG da VG daidai da ita. Yi lissafin sau biyu a takarda kafin ka buɗe murfi. Sa safar hannu. Kada ka haɗa a wurin girki, kada ka haɗa da dare da hasken waya in an ɗauke wuta.

In ta zuba a hannu, wanke nan take da ruwa da sabulu. In ta shiga ido, ka yi ta kwarara ruwa minti goma sha biyar. Tashin zuciya, gumi, yawu ya cika baki, jiri, zuciya na bugawa da sauri, waɗannan alamun ta yi yawa ne. In yaro ya sha, ko yaya ƙanƙantar abin, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar, don likita ya ga lambar da ke jiki.

Wannan na yara shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar Niyok ta Amurka bayan ya sha ruwan nikotin a gidansu. Gidajenmu kuwa cike suke da yara, namu da na maƙwabta. Wata rana na tashi yin alwalar la'asar na bar kwalba a kan tabarma. Ina dawowa na tarar da 'yata 'yar shekara uku ta riƙe ta da hannu biyu, ta kai hanci, tana cewa, “Baba, mangwaro.” Allah ya sa murfin mai tauri ne. Ƙafafuna sai da suka yi sanyi. A ranar na sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana aljihuna. Kada ka zuba ruwan nan a robar lemo ko kwalbar maganin tari, kada ka sa shi a firij kusa da kunun aya da zoɓon yara.

Akwatin ma a nema masa wuri. Kun san zafin Garwa, Marwa, Kusseri da Njamena a watan Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40. Zafi da haske da iska suna lalata nikotin, sai ruwan ya koma ja-ja, ya riƙa yaji a maƙogwaro. Zafin yana kuma tsinka ruwan har ya riƙa yoyo daga na'urar. Saboda haka ka nemi ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da kwanon rufi, kuma kada ka bar kwalba a akwatin babur. Haɗa abin da zai ƙare cikin 'yan makonni kawai. A jikin kowace kwalba manna takarda: ranar haɗawa, ƙamshin, da ƙarfin nikotin da manyan lambobi.

Babban amfanin da na samu a haɗawa da kaina shi ne ragewa a hankali, abin da kwalbar shago ba ta ba ni dama. Da 12 na fara, na sauko 6, yanzu ina kan 3. Kowane mataki sai da na yi wata biyu ko uku a kansa kafin jikina ya daina nema. Kwalbar da zan haɗa bayan wannan 1.5 ce: 1.5 sau 30, 45, a raba da 20, mililita 2.25. Na riga na rubuta a littafin, ga shi nan a shafi na gaba, kuma a ƙasansa na ja layi na sa sifili.