Amsoshin Tambayoyinku: Kuɗin gwamnati da sana'ar fasahar halittu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Saƙon farko yau daga wata 'yar'uwa ne a Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, tace ta gama digiri a fannin ƙananan halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kullum tana jin ana cewa gwamnati na zuba kuɗi a fasahar halittu, to ita da take son buɗe ɗan kamfaninta ta ina zata samu nata?

To ƙanwata, kuɗin akwai, sai dai yawancinsu ba hannun ɗan kasuwa suke zuwa ba, ɗakin bincike suke tafiya. Asusun tallafin ilimi na TETFund makarantun gaba da sakandare na gwamnati take baiwa, malamai ne ke nema. Hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa, NABDA, da aka kafa a 2001 (yanzu sunanta NBRDA) ita ma bincike ne aikinta. Ki duba waken nan mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, da aka fitar a 2019, cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru Zariya ce tayi shi, an kai wajen shekara goma ana gwaji kafin NBMA, hukumar da ke tantance amincin kayan fasahar halittu, ta amince, to wane ɗan kasuwa ne a kasuwar 'Yar Kutungu zai binne jarinsa shekara goma bai ga ko sisi ba? Shi yasa dole gwamnati da masu tallafi su ɗauki wannan nauyin. Kuma wallahi aikin yayi, duk wanda ya taɓa ɓare kwanson wake ya tarar tsutsar Maruca ta cinye ciki ya san zafin abin, manomin da yake feshi sau shida ko fiye yanzu sau biyu ya wadatar.

Abin da ke ci mani rai shine tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa, nan ne babu kowa, kuma nan ne gurinki. Iri ya fito amma wa zai ninka shi, ya tsaftace, ya zuba a leda da lasisin hukumar iri ta NASC ya kai Mashi da Mai'adua kafin ruwan farko? Ki ɗauki misalin Aflasafe, maganin gubar da ke kama gyaɗa da masara, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta ƙirƙiro, daga baya ta miƙa wa kamfani mai zaman kansa yana sarrafawa yana saidawa. Saboda haka ki fara da rijistar CAC, ki koma wajen malaminki da ya duba maki furojet ku haɗa kai, sunansa na buɗe ƙofar tallafin bincike, ke kuma ki riƙe ɓangaren kasuwa, sannan ki leƙa KASEDA, hukumar bunƙasa sana'o'i ta jihar Katsina, da Bankin Masana'antu. Amma ki tambaya da kyau, tallafi ne ko bashi, don wanda kayansa ke jiran lambar NAFDAC bashi mai gajeren wa'adi na iya karya shi. Kuma ki sa kuɗin sola a lissafi tun farko, firij ɗin da babu wuta kwana ɗaya ya isa ya lalata aikin wata uku.

Sai wani bawan Allah manomi daga Daura, yace tunda da kuɗin jama'a akayi irin waken nan me yasa ake saida masu? Baba, binciken aka biya, amma noman irin da tantancewa da dako duk kuɗi ne sabo kowace shekara. Dan Allah ka saya wajen dila mai rijista, ka duba tambarin NASC a jikin ledar kafin ka biya.

Mu je hutun taƙaitaccen lokaci, saƙon Funtua akan auduga na nan tafe.