Ƙarangiya, 'yar uwar gero mai gadin bakin Sahara

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu manoma da makiyaya da na hango can baya, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan ciyayin daji. Na ga gara in kama guda ɗaya mu tsefe ta da kyau, da in yi ta jero muku sunaye har a kira la'asar. Wadda na zaɓa ita ce ƙarangiya. Na ga wasu na dariya. To, ku yi haƙuri ku saurara.

Masana tsirrai suna kiranta Cenchrus biflorus. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna William Roxburgh ne ya raɗa mata sunan, a aikinsa kan tsirran Indiya da aka buga a 1820. Ciyawa ce ta damina ɗaya: ta tsiro da ruwan farko, ta yi 'ya'ya, ta bushe, shi ke nan. A wuri mai albarka takan kusa kai mita ɗaya, a tsandauri kuwa da ƙyar take wuce taƙi guda, amma duk da haka sai ta yi 'ya'ya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Wannan ƙwallon ƙayar da ke maƙale muku a wando, ku ɗauki ɗaya ku duba ta da gilashin ƙara girma. Za ku ga tsinkunan sun haɗe a gindi sun yi ɗan faifai, na ciki sun fi faɗi da tauri, na waje sirara. A jikin kowane tsinke akwai ƙananan haƙora da suka juya baya kamar na ƙugiyar masunta. Shi ya sa shigarta fata ba wuya, fitarta kuwa sai da jini, wani lokaci ma bakin ya karye a ciki ya yi ruwa. A tsakiyar wannan shinge ne ƙwayar take, daga ɗaya zuwa uku. Idan ta nuna, ƙwallon gaba ɗaya ke ɓallewa, ya bi jelar saniya, ko gashin tunkiya, ko bakin zanen mai ɗiban itace. Ita ba ta da ƙafa, mu ne ƙafarta.

Kuma wannan tsinken, ku manoma kun san shi a wani wuri. Ku tuna zangarniyar gero mai gashi. Asalinsu ɗaya ne. A 2010 masu binciken ƙwayoyin gado suka nuna cewa dangin gero da dangin ƙarangiya bai kamata a raba su ba, aka haɗe su a gida ɗaya. Shi ya sa a sababbin littattafai za ku ga gero da sunan Cenchrus americanus. Kyasuwa ma tana cikin gidan. Wato abin da kuke nomewa a gona da abin da kuke nomawa, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ina take zama? Jigawa. Tana son rairayi mai saurin shanye ruwa, da rana mai zafi, ba ta jure fadama ko inuwa. Tana shimfiɗe daga Muritaniya da Senegal, ta Mali, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi, har Sudan, ta tsallaka ƙasar Larabawa zuwa Pakistan da Indiya. An kuma kai ta arewacin Ostareliya, inda masu kiwo ke kuka da ita.

Masana labarin ƙasa sun ma mai da ita ma'auni. Idan ka tashi daga Damagaram ka nufi arewa, ka wuce Tanut kana dosar Agadas, akwai inda ƙarangiya za ta yi ta raguwa har ta ɓace. Wajen nan ne ruwan shekara ke sauka zuwa kimanin milimita 150, kuma nan da yawansu suke ja layi su ce Sahel ta ƙare, Sahara ta fara. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratso Abzin da Damargu ya iso Kano a 1851, ya sha fama da ita a wannan hanyar, har ya rubuta cewa mutanen ƙasar ba sa rabuwa da ɗan hantsakin cire ƙaya.

Sai maganar ci. Ƙwayarta ƙarama ce, amma sinadarin gina jiki da ke cikinta ya kusa kashi 20 cikin 100, ya fi na gero. Wahalar tana wurin fitar da ita: a tattaro ƙwallayen bayan sun bushe, a zuba a turmi a daka, a sheƙe, a sake dakawa, hannu duk ƙaya, sannan a samu ɗan abin da za a yi kunu ko tuwo. Buzaye sun daɗe suna wannan aiki. A farin 1973 da na 1984, ƙwayar ciyayi irin wannan ta riƙe gidaje da yawa, har ramin tururuwa an tona don a kwashi abin da suka tara. A Rajastan ta Indiya ma ana haɗa garinta da na gero a yi gurasa idan shekara ta ƙi. Ni dai ina ganin rashin adalci ne a ci gaba da lissafa ta cikin ciyawar banza.

Makiyaya kuma sun fi ni sanin wannan: tana da lokaci biyu. Tana ɗanya kafin ta fitar da ƙaya, dabba na cinta da marmari, kuma a lokacin ne ya kamata mai son adana harawarta ya yanke ya shanya. Da ta yi ƙaya sai a kauce mata, don tana ji wa dabba ciwo a baki. Bayan ƙayar ta zube da rani, busasshen karan ya sake zama abinci.

Amma fa ku lura. Idan kuka ga makiyayar da a da take cike da gamba ta koma ƙarangiya zalla, musamman kewayen rijiya da gefen burtali, ba alamar lafiya ba ce. Kiwo ya yi yawa, kofato ya tattake ciyayi masu daɗewa, ita kuwa dabbobin ne ma ke shuka ta. Tana dai riƙe rairayi kada iska ta kwashe, amma wurin na bukatar hutu na damina ɗaya ko biyu.

Alhaji da ke can gefe tun ɗazu yake ɗaga hannu. A miƙa masa lasifika.