Likitan fiɗa: mi yake yi in an kawo mai hatsari?

Jama'a assalamu alaikum. Yau zancen likitan fiɗa za mu yi, wanda ake tasowa tsakar dare in kabu-kabu ya yi karo da mota a hanyar Dan Issa.

Hanyar doguwa ce. Bayan bak sai shekara 7 zuwa 8 a jami'a, ko Abdou Moumouni ta Yamai ko Dan Dicko Dankoulodo ta nan gida Maraɗi, kafin a kira ka dokta, daga nan kuma ka ƙara kamar shekara 5 kana koyon aiki a hannun manya kana kwanan gardi, sa'o'inka 'ya'yansu har sun shiga lakkwal kai kana nan kana riƙe wa babba almakashi. In ya gama shi ke aikin ƙaba, maƙoƙo, apandis, da hanjin yaran nan da taifot ke hudawa, wanda wallahi yana da yawa a ƙasarmu.

To amma hatsari daban ne. An kawo mutum ƙafa ta karye ƙashi a waje, dangi na ta kuka suna nuna ƙafar, shi kuma likita ko kallonta bai yi ba. Ba wulaƙanci ba ne fa. Bakin yake fara dubawa, ko jini ko harshe ya toshe hanyar iska, sai ƙirji, duka ɓangarorin biyu na ɗagawa? Sai ya ja fatar ido ya ga ta yi fari fat, ya taɓa hannu ya ji sanyi, jijiya na bugawa da sauri amma ba ƙarfi, ya danna ciki ya ji ya yi tauri. Nan ya san jini na zuba a ciki inda ba mai gani, galibi saifa ce ta fashe ko hanta. Ƙafa za ta iya jira, wannan ba ya jira.

A ɗakin fiɗa ma ba gyara komai yake yi ba. Ya buɗe ciki, ya cusa kwampares, wato ƙyallen asibiti mai tsotse jini, ya danne inda ke zuba, in saifa ce ya cire ta gaba ɗaya tunda mutum na rayuwa ba ita. In jiki ya yi sanyi jini ya ƙi daskarewa, sai ya rufe na wucin gadi, a ƙara wa mutum jini a ɗumama shi, bayan kwana ɗaya ko biyu a koma a ƙarasa.

Wannan tsari na bi daki-daki yana da asali. A 1976 wani likitan ƙashi a Amurka, James Styner, ƙaramin jirginshi ya faɗi a jihar Nebraska, matarshi ta rasu nan take, 'ya'yanshi suka ji rauni, ƙaramin asibitin da suka samu kuma bai shirya wa irin wannan ba. Shi da abokan aikinshi suka tsara kwas ɗin ATLS na koya wa likitoci yadda ake ceton mai mummunan rauni, aka fara a 1978.

Sai aikin sa-kai. Rahoton kwamitin mujallar likitoci ta Lancet na 2015 ya ce mutum miliyar 5 a duniya ba su samun fiɗa mai inganci da za su iya biya. Shi ya sa za ka ga likita daga ƙasar waje ya ɗauki hutunshi ya zo Galmi, asibitin da ke aiki tun 1950, ko Danja nan kusa inda aka buɗe cibiyar mata masu yoyon fitsari a 2012. Namu na gida ma suna haɗa kaya su fita ƙauyuka fiɗa ta kyauta, kuma su ba a cika yaba musu ba, abin na ba ni haushi.

Ni dai a ganina zuwan sati biyu yana da amfani ga mai ƙabar da ya shekara goma yana ɗauke da ita, amma hatsari ba ya jiran baƙo ya sauka, kuma in ɗinki ya ruɓe bayan ya tafi wa zai duba? Baƙon da ya tsaya ya kama hannun ƙaramin likita ya koya mishi, shi ne ya yi aiki. Galmi na horar da likitocin fiɗa 'yan Afirka, gwamnati kuma na koya wa likitocin gama-gari aikin gaggawa, irin su ciro jariri, don asibitocin gunduma.

In kun tsinci mai hatsari, ku danne wurin jini da tsumma mai tsabta, kar a ba shi ruwa ko ya roƙa, kar a lanƙwasa mishi wuya wajen sa shi mota, kuma kar a fara kai shi wajen maɗori, ɗauri mai tsanani na kashe ƙafa har a kai ga yankewa. Ku taho da mutum biyu ko uku masu iya ba da jini, don sau da yawa likita ya wanke hannu ya shirya, jinin ne babu.